Reshen da Ya Leƙo Ta Katanga

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗana na uku ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu a Daura ba za su bar ni ba. Har gobe in bazara ta yi, mangwaro ya fara nuna, sai an sami wani marar aikin yi ya tare ni a ƙofar masallaci ya tambaye ni ko na Zariya ya fito. Yanzu dai furfura ta rufe ni, kunyar ta yi sanyi, shi ya sa zan ba ku labarin da bakina. Gara ku ji daga wurina, don in a bakin 'yan unguwa kuka ji, sai sun ƙara masa gishiri, alhali ko ba gishiri ma ya isa.

A shekarun nan ne da kuɗin man fetur suka fara shigowa ƙasa, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kusan kowane malamin makaranta ya jingine kekensa ya sayi babur. Ni ma na saya. Ina koyarwa a firamare, kuma (ku riƙe wannan, zai yi amfani nan gaba) ni ne mai kula da lambun makaranta, ni ke koya wa yara aikin gona daga littafi. Ga takardar shaidata a bango cikin gilashi. Ina ji da kaina ƙwarai da gaske.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Sule mai gyaran keke. Tare muka tashi, tare muka yi makarantar allo, sai ni aka sa ni boko, shi ya tsaya wurin faci. Da babura suka yi yawa sana'arsa ta ja baya, kuma ba zan ɓoye muku ba, har tausayinsa nake ji, irin tausayin nan mai daɗi da mutum ke ji in ya ga ya wuce abokinsa. In na taso daga makaranta sai na rage gudu a gaban rumfarsa na danna ham sau biyu. Ashe shi ba zaune yake ba. Ya je Kano wurin wani kawunsa mai lambu ya yi damina guda, ya dawo da wata 'yar wuƙa a aljihu da sanin yadda ake yi wa itace aure. Ga wanda bai sani ba, auren itace shi ne a yanko ɗan reshe daga mangwaro mai kyau, a tsaga na banza a cusa shi a ciki a ɗaure, su haɗe su zama ɗaya. Saiwa ta wannan, 'ya'ya na wancan.

To a bayan gidan su Sule akwai wani tsohon mangwaro na marigayi mahaifinsa, wanda duk unguwa ta sani da suna Kori-baƙo. Tsami gare shi kamar jiƙon tsamiya, ga zare, ga wani warin kananzir da yake bar maka a ƙarshen harshe. Duk wanda ya tashi a unguwar ya taɓa satarsa yana yaro, sau ɗaya, bai ƙara ba. Shi Sule ya sare wa kai, ya bar gangar jikin daidai ƙirjin mutum. Da ya yi toho, ya yi wa tohon aure da irin da ya zo da shi daga Kano, ya ɗaɗɗaure da yankan tsohon tiyub. Na leƙa na gani na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce wa matata Hajara, Sule ya rasa keken da zai yi wa faci ya koma kan itace.

Dariyar tawa ba ta kai shekara uku ba. Itacen nan ya yi 'ya'ya waɗanda kowane ɗaya sai ka sa hannu biyu, ba zare ko ɗaya, ƙwallon siriri, da wuƙa ake yanka shi ana ci kamar gwanda. Mutane suka fara zuwa daga Zango da Baure suna neman dashe a wurin Sule. Matarsa ta aiko mana da guda uku a kwano. Hajara ta yanka ta kai baki, ta lumshe ido, ta ce Allah ya yi wa Sule hannu. Shekara bakwai muna tare da matar nan, ban taɓa jin ta ce Allah ya yi mini wani abu ba, ko da babur ɗin da na saya (shi cewa ta yi ƙararsa na tsorata kaji). Na karɓi yanki ɗaya na ci. Wallahi da daɗi. Daɗin ne ma ya ba ni haushi. Na ture kwanon na ce ruwa ya yi masa yawa.

Wanda ya ƙarasa ni shi ne surukina, mahaifin Hajara, wanda muke kira Baba. Fataucin shanu yake yi a Dutsi, kuma shekarar ya je Makka ya dawo da haƙorin zinare, abin da ya sa murmushinsa ya ƙaru sosai. Duk zuwan da zai yi duba 'yarsa, da an gaisa sai ya miƙe ya ce bari ya leƙa wurin Sule. A can zai yi zamansa, ya sha mangwaro, ya dawo yana sakace yana sa albarka. Ran nan a zaurena, gaban mutane, ya dube ni da haƙorin nan yana ƙyalli ya ce, “Malam, kai da kake koya wa 'ya'yan mutane shuka, me ke bayan gidanka?”

Abu biyu ne a bayan gidana. Akwai wata ƙatuwar darbejiya da na tarar tun da na sayi gidan, akwai kuma wani ɗan mangwaro da Hajara ta shuka da hannunta tana amarya, daga ƙwallon da ta zo da shi na gidansu a Dutsi. Ya fara 'ya'ya, ƙanana ne, suna da ɗan zare, amma da zaƙi, kuma ita in ta sha sai ta ce ta ji gida. Da na ce wa Baba ga su nan, da an wuce wurin. Amma ina! Ina tsugune, kaina a ƙasa kamar yadda ake yi gaban suruki, sai na ji bakina yana cewa, “Baba, in Allah ya kai mu shekara uku, za ka sha mangwaro a gidan nan wanda ba ka taɓa shan irinsa ba.” Ya ce Allah ya nuna mana. Mutane suka ce amin. Sule ma ya ce amin, kuma amin ɗin nasa ya fi na kowa ɓata mini rai.

Da darbejiya na fara. Na yanke hukuncin cewa ita ce ta tare wa mangwaron rana, ita ke shanye masa ruwa. Hajara ta ce a ƙarƙashinta take girki, nan take daka, nan yara ke barcin rana. Na ce mata wannan maganar kimiyya ce. Na samo masu gatari suka kwantar da ita a yini ɗaya, aka bar kututture, na tsaya a kansa ina jin kamar na ci yaƙi. Kafin wata biyu ta fito da toho fiye da goma, kowane yana sheƙi. Na karya su, suka dawo. Na juye mata baƙin man babur, ta yi kamar taki na ba ta. Na fafe tsakiyar kututturen na cika da gishiri. Na tara kara na cinna wuta, hayaƙi ya cika unguwa har maƙwabta suka shigo da bokitai, igiyar shanyar Hajara ta ƙone da zane biyu a kai. Da toka ta huce, darbejiya ta bar kututturen ta ɓullo ta saiwa, can kusa da makewayi.

Ina cikin wannan fama sai na ji muryar Sule ta bayan katanga. Ya ce ai darbejiya ba a sare ta, in an sare ta haushi take ji. Zagaye gindinta ake yi a ɓare ɓawon kamar faɗin tafin hannu, a bar ta a tsaye ta bushe a hankali, duk tohon da ya leƙo a cire shi tun yana ƙarami. Na san gaskiya ya faɗa. Da hedimasta ne ya gaya mini, da har na gode na rubuta a allo na koya wa yara. Amma tun da daga bakin Sule ta fito, sai na ce masa na gode, mu a littafi ba haka muka karanta ba.

Ita kuwa Hajara ta koma girki a tsakiyar rana ƙwal, tana fifita wuta tana fifita kanta. Bayan 'yan watanni sai na lura wani reshe daga mangwaron Sule ya leƙo ta kan katanga, ya sunkuyo daidai kan murhunta. Kai, reshen nan ya yi kyau. Ya fi duk sauran rassan itacen ƙiba, ganyensa manya, kore shar. Kullum in na fito alwala sai na tsaya ina kallonsa, shi ma kamar yana kallona.

Ku fahimce ni, da na buɗe baki na ce, Sule, ba ni iri, da shi da kansa zai zo da wuƙarsa ya yi mini aikin, ya ƙi karɓar ko goro. Abin da ba zan iya jurewa ba ke nan. In Baba ya sha ya yaba, wa ya yaba? Ni fa so nake a ce Malam ne, ba a ce Sule ya taimaki Malam ba. Don haka na koma leƙe. Akwai wata 'yar kafa a katangar da ruwan sama ya ci, ta nan nake zura ido in Sule na yi wa dashensa aure, ina kallon yadda yake feƙe reshen kamar alƙalamin rubutun allo, yadda yake tsaga uwar, yadda yake naɗa roba. Malamin aikin gona guda, mai takarda a gilashi, durƙushe a bayan akurkin kaji da ido ɗaya a rami. Na haɗa da wata 'yar takarda ta ma'aikatar gona da na samu a makaranta, na ga ai na ƙware.

Farkon damina ranar ta zo. Sule ya ɗora dashensa a keke ya tafi kasuwar Zango, Hajara kuma ta tafi barka Baure da yara. Bayan azahar na mirgino turmi na kifa shi a gindin katanga, na hau (turmin da ko zama a kai tsofaffi ke hanawa), na zaɓi rassa biyar mafiya ƙiba daga reshen nan na yanke da askar gemuna. Na lallashi zuciyata da cewa abin da ya shigo gidanka ai ba sata ba ne. Sannan na juya kan mangwaron Hajara, na sare masa rassa kaf, na tsattsaga, na cusa, na ɗaure da tiyub ɗin tsohon kekena. Na yanke yatsa sau biyu, amma aikin ya yi kyau, wannan kam ko maƙiyina zai shaida.

Da yamma Hajara ta dawo ta ga itacenta ba kai. Ta sauke goyo, ta zauna a bakin rijiya, ta daɗe tana kallonsa. Can ta ce, “Malam, na gidanmu ne fa.” Na ce ai ɗaukaka shi na yi. Na ce wani abokina da ke makarantar aikin gona a Zariya ne ya aiko mini da iri ta hannun direba, irin da ko a Kano babu shi. Ban san daga ina ƙaryar ta zo ba, a shirye na tsince ta a bakina. Hajara ta ɗaga kai ta dubi reshen da ke kan murhunta, inda yanka biyar ke ta zubar da danƙo, ta dube ni, ta ce to. Ta shiga ɗaki.

Kwana biyu da yin haka matar Sule ta shigo da wani abu naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ta ce in ji maigidanta, in Malam na bukatar iri ga na kirki nan. Na buɗe na ga wasu 'yan rassa sirara, ko rabin nawa ba su kai ba. Raina ya ɓaci. Wato ya ga na ɗebi masu ƙiba shi ne ya aiko mini da ramammu don ya raina mini hankali. Na watsa wa akuya. Washegari ya ɗago murya ta bayan katanga ya ce, “Malam, game da reshen nan da ya leƙo gidanka...” Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce reshensa bai dame ni ba, ni nawa daga Zariya yake. Ya ce to, Allah ya ba da sa'a. Da shekara ta zagayo ya sa zarto ya yanke reshen gaba ɗaya, ni kuma na shiga gaya wa Hajara irin rowar Sule, mutumin da ko ganye ba ya so ya shigo gidan maƙwabci.

Uku daga cikin biyar suka kama. Ranar da na ga jan toho ya fasa, har rawa na taka a bayan gida. Na shiga hidima: ban ruwa safe da yamma, takin awaki, shingen ƙaya. Takardar ma'aikatar gona ta ce duk tohon da ya fito daga ƙasan aure a cire shi, don haka duk lokacin da itacen Hajara na asali ya yi yunƙurin leƙowa, sai na sa farce na tsinke shi. Labarin Zariya kuwa ya yi ta girma. A makaranta na ce daga Indiya aka kawo irin Zariya. A majalisa na ce Turawa ne kaɗai ke shan sa. Ita kuma darbejiya, da ta ga hankalina ya koma wani wuri, sai ta miƙe abinta, ta dawo da inuwa kan murhu kamar ba a taɓa yin komai ba.

Shekara ta uku itacen ya yi fure, iska ta kaɗe wasu, guda tara suka tsaya. Na sa tela ya ɗinka musu 'yan jakunkuna da ƙyallen atamfa saboda jemagu, na ɗaure kowane. Na lura ba su da girma, amma na ce 'ya'yan fari haka suke. Lokacin Hajara na da tsohon ciki, ta roƙe ni in tsinko mata ɗaya, na ce na yi alkawari ba wanda zai sa shi a baki kafin Baba. Ta ce to ni in ɗanɗana, ai ko mai miya tana ɗanɗanawa kafin ta kai wa baƙi. Na ce na gane, dama can ita 'yar bayan Sule ce. Ta ce Allah ya ba ni haƙuri. (Daga baya na gane ba haƙurin ranar take roƙa mini ba, na gaba ne.)

Allah ya sauke ta lafiya a tsakiyar bazara, namiji, sati guda kafin mangwaron ya gama nuna. Na ce kun ga ikon Allah, komai ya zo daidai. Ranar suna aka yi addu'a da sassafe, aka raba goro, na sa wa yaron sunan Baba. Da hantsi ya yi zaurena na cike: ga Baba a kan buzu, ga limamin unguwa, ga hedimastanmu, ga Idi wanzami yana wasa aska yana jiran a fito da jariri, ga tsofaffin unguwa, ga Sule can bakin ƙofa. Na shiga ciki na wanke mangwaro tara, na jera su a farantin da Hajara ke ajiyewa don baƙi, na fito na durƙusa gaban Baba. Kuma ban ajiye na yi shiru ba, sai da na yi jawabi. Na tuna masa alkawarin shekara uku. Na yi bayanin Zariya da Indiya. Na ce noma na zamani ilimi yake so, ba gwaji ba, na ɗan saci kallon bakin ƙofa. Sule ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma.

Baba ya yi bisimilla ya zaɓi wanda ya fi girma, ya miƙa wa liman ɗaya, hedimasta ɗaya, sauran suka zagaya. Ya ɓare da haƙorin Makka ya kai cizo.

Na ga idonsa na hagu ya rufe da kansa. Kumatunsa suka shige ciki. Dattijo ne mai kawaici, bai tofar ba, ya ci gaba da taunawa a hankali kamar mai tauna magani, ya haɗiye da ƙyar. Da ya buɗe baki zai yi magana, sai ga zare ya naɗe haƙorin zinaren nan yana reto kamar gemun masara. Liman ya ce alhamdu lillahi ya ajiye nasa a bayan buta. Hedimasta ya kama tari. Zauren ya yi tsit, ba ka jin komai sai kukan ragon da ba a riga an yanka ba.

Idi wanzami ne ya ƙara tsotsar nasa, ya shinshina, ya ɗaga shi sama yana juyawa. Ya ce, “Malam, daga ina ka ce an kawo irin nan?”

Na ce daga Zariya, amma muryar ba tawa ba ce.

Ya ce, “Ikon Allah. Ashe Kori-baƙo har Zariya ya je karatu.”

Jama'a, ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Tsofaffi suka dinga karɓa suna lasa suna shaidawa, shi ne, wallahi shi ne, ga warin kananzir ɗin nan. Wani ya ce rabonsa da shi tun ranar da mahaifin Sule ya kama shi a kai ya tilasta masa ya shanye wanda ya tsinka. Liman ya rufe baki da hannun riga kafaɗunsa na rawa. Har cikin gida na jiyo mata sun ɗauka. Ni kuwa ina durƙushe da faranti a hannu, gumi na bin bayana, ina addu'ar ƙasa ta tsage in shige.

Abin da ya fi dariyar ciwo shi ne Sule. Bai yi dariya ba. Ya ce ai 'ya'yan fari wani lokaci haka suke yi, a ba shi shekara. Kuma don ya rufa mini asiri ya zauna ya shanye nasa tas har ƙwallo, idonsa na hawaye. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Baba ya karyi tsinke daga tabarma ya shiga sakace, ya daɗe yana yi. Sannan ya tambaye ni a hankali ina wanda yarinyar nan ta zo da shi daga gida, a tsinko masa ko ɗaya ya wanke baki. Na ce, kaina a ƙasa, ai shi ne na sare na yi auren a kansa. Ya dakata da sakacen. Ya dube ni, ya dubi ƙwallon da ke gabansa.

Ya ce, “To, Malam, ka cika alkawari. Ban taɓa shan irinsa ba.”

Sati biyu ina zagayawa ta bayan unguwa da babur a kashe, ina tura shi, don kada a ji wucewata. A makaranta na tarar an zana mangwaro a allo da hular malamai a kansa. Hajara kuwa kullum in ta kawo mini tuwo sai ta tambaye ni ko in ɗanɗana tukuna. Da abin ya ishe ni, ran nan bayan la'asar na yi abin da ya kamata in yi tun shekara uku da suka wuce, na taka ƙafa goma na yi sallama a rumfar Sule.

Shi ya warware mini komai, yana faci yana magana, bai ko ɗago ya dube ni ba don kada in ji kunya. Reshen da na sata daga ƙasan aure ya fito, daga gangar tsohon itacen, shi ya sa ya fi sauran ƙiba, don na uwa kullum ya fi ƙarfi. Ya yi niyyar cire shi tun yana ƙarami, sai matarsa ta gaya masa Hajara na girki a rana tun da na sare darbejiya. Shi ne ya bar shi, ya lanƙwaso shi ta kan katanga don ya yi mata inuwa. Da darbejiya ta dawo ya ga an sami inuwa, sai ya yanke shi. Ya ga yankan askata tun ranar, ya aiko da na kirki na ba akuya, ya zo zai yi mini bayani na toshe masa baki da Zariya. Wato inuwar da maƙwabcina ya yi wa matata, saboda ɓarnar da ni na yi, ita na bi na sata, kuma na kira shi marowaci a kai.

Na tambaye shi ko itacen Hajara ya tafi ke nan. Ya ce ina, ai yana nan a ƙasa, saiwar tasa ce. Tohon nan da nake ta tsinkewa shekara uku, shi ne na Dutsi yake ta ƙoƙarin dawowa. In na bar shi kawai ya isa.

Farkon damina ya shigo da 'yar wuƙarsa. Muka bar toho biyu na asali suka tashi, ya yi wa reshe ɗaya aure da irin Kano, ni ina riƙe masa roba. Da ya ɗaga zarto zai cire na ƙarshen Kori-baƙo, sai Hajara ta leƙo daga ɗaki ta ce a bar wannan, na Malam ne, ya sha wahala a kansa. Yana nan har yau. Duk shekara ya fi sauran 'ya'ya, ko jemagu ba sa taɓa shi, kuma jikokina reshen Zariya suke ce masa ba tare da sun san dalili ba. Darbejiyar ma tana nan, a ƙarƙashinta nake zaune yanzu. Na san yadda ake kashe ta, Sule ya koya mini, amma an gaya mini in na ƙara taɓa ta ni zan koma girki.

Baba ya rayu har ya sake shan na Dutsi a gidana, ya sa albarka, ko da yake har ya bar duniya in na miƙa masa mangwaro sai ya ce in fara ci ya gani. Hassadar kuwa ba zan ce ta mutu ba, don har yanzu na gidan Sule ya fi nawa zaƙi, alhali iri ɗaya ne, hannu ɗaya ya yi musu aure, kuma in na tuna sai ta ɗan leƙo. Sai dai na iya tsinke ta tun tana toho. Abin da na koya kuma ba shi da yawa, ba ya cikin littafin da na koyar shekara talatin: ko sata za ka yi, ka daure ka fara yi wa mai kayan sallama, ya nuna maka reshen kirki.